Canza Sitiyarin A-kori-kura a Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Duk kayan da ke cikin mota, babu wanda hannu ke daɗewa a kansa kamar sitiyari. A-kori-kura kuwa motar wahala ce. Rana ta dake ta, zufa da ƙura da baƙin mai su yi ta cin robar sitiyarin har ta yi santsi a wurin riƙewa, daga baya ta fara ɓarewa tana barin baƙi a tafin hannu. Wani wannan ne ke sa shi neman sabo. Wani kuma ya shiga motar abokinsa ne, ya ji laushin fata da maɓallan rediyo a ƙarƙashin babban yatsa, ya dawo tasa ta fita masa a rai. Ga tambayoyin da masu wannan niyya suka fi yi.

Da gaske mutum zai iya wannan aiki da kansa, ba sai ya je gareji ba?

Zai iya. A yawancin a-kori-kura noti ɗaya tak ke riƙe da sitiyari a kan sandarsa, a wasu kuma bolti ɗaya. Duk wanda ya taɓa canza taya ko batir da hannunsa, wannan notin ba zai gagare shi ba, kuma ko bai taɓa yi ba awa ɗaya zuwa biyu sun ishe shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne abubuwa biyu da suka sa notin a tsakiya. A gabansa akwai jakar iska, wadda makanikai ke kira iyabag. A bayansa akwai wata naɗaɗɗiyar waya da ake ce wa kulok sifirin. Ta farko tana iya yi maka rauni, ta biyu kuma kai ne kake iya tsinka ta ba ka sani ba. Idan motarka tsohuwa ce wadda ba ta zo da jakar iska ba, an sauke maka rabin nauyin.

Wane irin sitiyari ya fi dacewa in saka?

In ni za a tambaya, na motarka ɗin nan, amma na babban aji. Kamfanoni kan fitar da mota ɗaya hawa-hawa: ta aiki mai sitiyarin roba zalla, da ta manya mai fata da maɓallai. Muddin zubin shekarunsu ɗaya ne, ƙashin sitiyarin sau da yawa ɗaya ne, haƙoransa ɗaya, mazaunin jakar iska ɗaya. Ka cire wannan ka ɗora wancan, ka mayar da jakarka ta asali, shi ke nan.

Akwai kuma masu ɗaukar ƙashin sitiyari na asali su sake masa tufa: su ƙara masa kauri, su baje ƙasansa don cinya ta samu wuri, su lulluɓe shi da fata ko kabon. Wannan ma babu laifi, in dai ƙashin na asali ne da gaske, ba zubin kwaikwayo ba. Sai rigar fata da ake ɗinkawa a kan wanda kake da shi, wadda ba ta buƙatar kwance ko noti ɗaya. Na ƙarshe shi ne ƙaramin sitiyari irin na motocin tsere, wanda ba shi da jakar iska sam. Shi yana da tasa tambayar a ƙasa, don maganarsa da tsawo.

Ta yaya zan tabbatar wanda na samo zai shiga motata?

Kada ka yarda da kamannin fuska. Sitiyari biyu na iya zama kamar an tsaga kara ta gaba, ka juya bayansu ka tarar ba su haɗa komai ba. Ka ce mai sayarwa ya nuna maka baya. Abin dubawa shi ne ramin tsakiya da haƙoransa, da wuraren da jakar iska ke kamawa, da tagar da wayoyi ke bi su fito, da 'yan ramukan da ƙafafun kulok sifirin ke shiga. Galibi za ka ga lambar kayan a jikin ƙarfen ko a wata 'yar takarda da aka manna. Ka haɗa ta da lambar casis ɗin motarka, mai haruffa da lambobi 17, a duba maka ko sun dace.

Sunan mota kaɗai ba ya wadatarwa. Toyota ta sauya zubin Hilux gaba ɗaya a 2015, don haka kalmar "na Hilux ne" ba ta gaya maka komai ba sai an faɗi shekara. Mazda BT-50 ta daɗe tana tarayya da Ford Ranger a ƙashi da kaya, amma daga 2020 ta koma kan ginin Isuzu D-Max. Wanda ya sayi kaya bisa tsohon sani, ya ɗauko wa kansa aiki.

Sai ka leƙa bayan jakar iskarka. Wata fulogi ɗaya gare ta, wata biyu, domin tana tashi ne hawa biyu gwargwadon ƙarfin karo. Ba a musanya waɗannan da juna. Haka nan kayan motar da ake tuƙawa ta dama da na wadda ake tuƙawa ta hagu sukan bambanta a wayoyi ko da ƙarfen ya shiga.

Waɗanne kayan aiki zan tanada?

Ba su da yawa. Sifana lamba 10 don kan batir, bokis sifana mai dogon hannu don notin tsakiya, sukundireba siririya mai faɗin baki, makulli mai bakin tauraro, alƙalamin zane da ake kira maka, da salatif. A motocin Toyota da yawa notin lamba 19 ne, kusoshin jakar iska kuma masu bakin tauraro ne, lamba T30. Wasu motocin sai da fula, wato ƙarfen da ke jawo sitiyari daga kan sanda.

Abu ɗaya da mutane ke ƙyashin nema shi ne sifanar awo, wadda ke yin ƙas idan noti ya kai ƙarfin da aka saita. In ba ka da ita ka aro. Wannan notin ne kaɗai tsakanin hannunka da tayoyin gaba, bai kamata a ɗaure shi da kintace ba.

Jakar iskar nan tana iya fashe mini a hannu?

Tana iya, in aka yi mata ganganci. A cikinta akwai sinadarin da wuta kaɗan ke kunnawa, ya cika jakar kafin ƙiftawar ido, cikin kusan kashi 1 bisa 20 na daƙiƙa, da gudun da kan kai kilomita 300 a awa. An yi ta ne don ta tari ƙirjin mutumin da ke zaune nesa da ita, ɗaure da bel. Fuskar da ta sunkuyo a kanta da sukundireba ba ta cikin lissafi.

Saboda haka kafin komai, kashe mota, zare makulli, cire kan batir mai alamar ragi, ka kawar da wayar gefe, ka naɗe ta da tsumma don kada ta dawo ta taɓa da kanta. Sannan ka jira. Kwamfutar jakar iska tana da ɗan ma'ajin wuta a cikinta, wanda aka sa don ko batir ya tarwatse a hatsari jakar ta iya tashi, kuma wutar ba ta tsiyayewa nan take. Littafin gyaran Toyota daƙiƙa 90 yake cewa. Ni minti goma nake ba ta, ban taɓa yin asarar komai da hakan ba. Ka kuma tuna wasu manyan a-kori-kura masu shan gas batir biyu gare su, wasu kuma masu su ne suka ƙara na biyu don fitilu ko firji. In ka cire ɗaya ka bar ɗaya, ba ka yi komai ba.

Idan ta fito, ka ɗauke ta fuskar tana kallon waje, ba ƙirjinka ba. Ka ajiye ta a rigingine, tambarin mota yana kallon sama, nesa da wuta da zafi da yara, kada a ɗora mata komai. Dalili kuwa, in ta tashi a rigingine jakar ce kawai za ta buɗe, in kuwa a kife take, ƙarfen gaba ɗaya ne zai yi sama kamar an harba shi. Kada kuma ka kuskura ka ɗora mata mitar gwajin wuta don ka ga ko tana da rai. Ita mitar wuta take turawa kafin ta auna.

To, yaya aikin yake daga farko har ƙarshe?

Ka tsayar da motar a wuri mai daidai, ka ɗan gangara gaba har ka tabbata tayoyin gaba sun miƙe sak, ka ja birkin hannu. Kafin ka cire batir, sauke gilashin ƙofar direba, ka tura kujera baya in ta lantarki ce. Wanda mota ta taɓa kulle masa makulli a ciki ya san dalilin gilashin.

Bayan ka cire batir ka jira, sai jakar iska. Hanya biyu ake kama ta. Wasu motocin kusoshi biyu ne a gefen sitiyari, ɓoye a bayan 'yan murafan roba, kuma sau da yawa ba sa fita gaba ɗaya, sassautawa kawai ake yi. Wasu kuma waya ce mai tsalle ke riƙe da ƙugiyoyinta, sai ka zura sukundireba ta wani ɗan rami a gefe ko a baya, ka lalubo wayar ka tura, ka ji gefen ya yi tsalle ya saki. Wannan lalube shi ya fi cin lokaci a karon farko. In ka ga hoton bayan irin sitiyarin kafin ka fara, ka san abin da bakin sukundirebarka ke nema a cikin duhu.

Ta saki, kada ka fizgo ta, wayoyinta gajeru ne. Ka kwantar da ita a tafin hannu ka dubi baya. Wayoyin jakar iska rawaya ake yi musu don a bambanta su da saura. Kowane fulogi yana da ɗan makulli a kansa, wanda za ka ɗaga da bakin sukundireba tukuna, sannan fulogin ya fito salin-alin. In ka ji yana gardama, makullin ne bai ɗagu ba. Cire wayar hon, ka kai jakar inda ka tanada mata.

Yanzu ga noti a gabanka. Ka sake duba saitin tayoyi. Ka sa wani ya riƙe sitiyarin, ko ka danne shi da gwiwoyi, ka karya notin. Kada ka bar makullin sitiyari ya ɗauki wannan ƙarfin, ɗan ƙarfe ne, ba don haka aka yi shi ba. Da notin ya sassauta, ja layi da maka daga bakin sandar zuwa jikin sitiyarin, don ka san inda sama take. Kuma kada ka cire notin duka, ka bar shi a kan tiredi uku ko huɗu. Sannan ka kama sitiyarin dama da hagu, ka riƙa girgiza shi kana jawowa. Zai yi shiru, ya yi shiru, sai ya saki gaba ɗaya lokaci guda, kuma notin nan da ka bari shi zai hana shi haɗuwa da haɓarka.

Ka zare shi a hankali kana bi da wayoyi ta tagarsu. Da ya fita, kafin ka yi komai, manna wa kulok sifirin salatif ya tsaya inda yake. Sai ka jera tsoho da sabo, ka kwashe abin da za a kwashe, kamar maɓallai da murfin baya, ka kwafi layin makarka zuwa daidai wurin a jikin sabon. Cire salatif, zura wayoyi, daidaita layi da layi, ka zaunar da shi. A motocin Toyota da yawa ana ɗaure notin a kan 50 Nm, wato ƙarfin ɗaurin da za ka saita a sifanar awo, amma littafin motarka shi ne alƙali. Wasu kamfanonin ma cewa suke a jefar da tsohon boltin a sa sabo, saboda maganin riƙe tiredi da ke jikinsa sau ɗaya yake aiki.

Mayar da fulogai, danna makullansu, tura jakar har ka ji ta kama ta kowane gefe. Haɗa batir. Kunnawar farko kuwa, kada kowa ya zauna a kujerar direba. Ka miƙo hannu daga gefe ka murɗa makulli, ka zuba wa fitilar jakar iska ido: ta kama, ta yi 'yan daƙiƙu kamar shida, ta mutu. Sai ka gwada hon da sigina, ka murɗa sitiyarin a hankali har ƙarshen dama da ƙarshen hagu kana sauraro.

Na sassauta notin amma sitiyarin ya kafe. In sa masa guduma?

A'a. Bakin sandar a ɗan tsuke yake kamar turmi da taɓarya, shi ya sa shekaru ke manne su. Amma sandar kanta an yi ta ne ta yadda za ta naɗe cikin kanta idan aka yi karo, don kada ta soki direba. Tun wajen 1967 aka fara sa irin wannan sanda a motoci. 'Yan abubuwan da ke riƙe da ita a miƙe an yi su ne don su karye idan an buga, kuma ba su san bambancin ƙirjin mutum da guduma ba. Banda haka, duka yana baje bakin tiredi har noti ya ƙi komawa.

Ka ɗiga ɗan man sassauta tsatsa a kan haƙoran, ka ba shi lokaci, ka bubbuga bayan da'irar da tafin hannu, dama da hagu. In ya ƙi, fula. Za ka ga ramuka biyu masu tiredi a gefen notin, don ita aka yi su. Sai dai ka auna tsawon boltocinta, domin in sun zarce, kulok sifirin za su huda.

Wai mene ne kulok sifirin ɗin nan da ake ta gargaɗi a kansa?

Ka yi tunani: sitiyari yana juyawa, jikin mota yana tsaye, amma dole wuta ta isa ga hon da jakar iska da maɓallai. Wayar yau da kullum da ta murɗe ta tsinke cikin kwana ɗaya. Sai aka yi wata waya mai faɗi, siririya kamar zaren kaset, aka naɗe ta a cikin wani faifan roba. Ka juya dama ta ɗan ɗaure, ka juya hagu ta ɗan warware. Tsawonta ƙididdigagge ne, zagaye biyar ko kusa da haka daga ƙarshe zuwa ƙarshe, wato biyu da rabi kowane gefe in tana tsakiya.

Matsalar ita ce da ido ba ka iya gane tana tsakiya ko ta goce da zagaye ɗaya cur, don fuskarta iri ɗaya take nunawa. Na koyi wannan da kuɗina. Ina cikin aiki aka kira ni, na bar sandar tsirara ban manna komai ba. Ƙanena, yaro ne lokacin, ya hau kujera ya samu abin wasa mai juyawa. Da na dawo na ga komai daidai, na haɗa, hon ya yi kuka, fitila ta mutu, na yi murna. Sai da na zo juyawa a wani matsattsen wuri, na murɗe sitiyari har ƙarshe, na ji wani ɗan ƙas a ƙarƙashin hannuna, ƙarami kamar an karya tsinken ashana. Nan take fitilar jakar iska ta kama, hon ya yi shiru. Yaron bai faɗa mini ba sai bayan kwana biyu.

In kana shakka, ka sake saita shi. Yawanci an rubuta yadda ake yi a jikinsa: ka juya shi da yatsa a hankali zuwa gefe ɗaya har ka ji ya fara tauri, kada ka matsa, sannan ka dawo da shi adadin zagayen da aka rubuta, ka haɗa 'yan kibiyoyin da ke jikinsa baki da baki. Duk wannan tayoyi suna miƙe. Sabo kuma yakan zo da ɗan makullin roba da ke riƙe shi a tsakiya, ba a cire shi sai an zo ɗora sitiyari.

Ni dai ƙaramin sitiyari irin na tsere nake so. Akwai laifi?

A motar da ta zo da jakar iska, kuma ake hawa titi da ita, ban ba ka shawara ba. Jakar da bel tare aka tsara su. Bel ɗin motocin zamani yakan ɗan saki idan ƙarfin karo ya yi yawa don kada ya karya ƙirji, bisa lissafin cewa akwai jaka a gaba da za ta tare sauran. Ka cire jakar, bel ɗin zai saki kamar yadda aka koya masa, ya miƙa ka ga ƙarfe. Ga kuma doka, wadda ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka tun 1998 aka wajabta wa sababbin ƙananan motocin ɗaukar kaya jakar iska a gaba. A Birtaniya motar da aka cire mata jakar da ta zo da ita ba ta cin gwajin shekara-shekara.

A tsohuwar mota marar jaka, ko wadda aka keɓe don daji da fili, magana ta sauya. Za ka buƙaci mahaɗi, wanda ake kira bos, da aka yi don haƙoran motarka. Ramukansa ma iri-iri ne: Momo da Sparco kusoshi 6 ne a da'irar milimita 70, Nardi kuma 6 a milimita 74. Ka duba bayan bos ɗin ko yana da abin da ke kashe sigina bayan an sha kwana, in babu, da hannu za ka riƙa kashewa.

Sai batun girma. Sitiyarin a-kori-kura yakan kai milimita 380 zuwa 400, ba don ado ba. Faɗinsa shi ne ƙarfinka. Ka sauko daga 400 zuwa 330, ƙarfin da hannunka zai sa ya ƙaru da kusan kashi 21 cikin 100. In akwai fawa, wato na'urar da ke sauƙaƙa murɗa sitiyari, ba za ka ji sosai ba, sai ranar da inji ya mutu kana gangara da kaya a baya. In babu fawa kuwa, tun a wurin fakin za ka yi nadama. Ƙaramin sitiyari yana kuma tare allon gudu. A ganina kada a sauka ƙasa da 350 a irin wannan mota. Kuma ka yi hattara da na kwaikwayo masu tambarin manyan kamfanoni, kyan ɗan maciji ne. Wanda ka iya lanƙwasawa da hannu biyu a tsaye, ka san abin da zai yi ranar da taya ta faɗa rami.

An ce in na cire jakar na sa rezista, ɗan abin da ke rage gudun wuta, a madadinta, fitilar jakar iska za ta mutu. Haka ne?

Haka ne, za ta mutu. Kwamfuta tana auna jakar ne ta ga om 2 zuwa 3 (om shi ne ma'aunin turjiyar wuta), rezistar kuma ta ba ta wannan amsar. Ribarta ɗaya, sauran jakunkuna da bel za su ci gaba da aiki. Amma ƙarya aka yi wa kwamfutar, gaban direba babu komai. Wanda ya sayar da mota a haka bai faɗa ba, ya ci amanar mai saye.

Maɓallan da ke jikin sabon za su yi aiki kuwa?

Wataƙila, wataƙila a'a, kuma nan ne aka fi cizon yatsa. Kafin maɓalli ya yi magana sai abu uku sun cika: kulok sifirin yana da isassun layuka, wayar da ke bayansa ta isa inda za ta, na'urar da ke can ƙarshe kuma ta san yaren. Motar ƙaramin aji sau da yawa kulok sifirin ɗinta layin hon da na jaka kawai gare shi, sai an canza shi da na babban aji.

Maɓallan rediyo su suka fi sauƙi. A motoci da yawa waya biyu ko uku ce, kowane maɓalli da nauyin wutar da yake turawa, kuma yawancin rediyoyin kasuwa masu allo ana iya koya musu. A sababbin motoci kuwa saƙon kwamfuta maɓallan ke aikawa, sai an sa ɗan akwatin fassara. Maɓallin riƙe gudu, wanda ke sa mota ta ci gaba da gudu ɗaya ba tare da taka totur ba, ya fi wuya, don yana buƙatar makunnin birki da na kuloci da suka dace, wani lokaci sai an buɗe shi a kwamfutar inji. Sitiyari mai ɗumama hannu shi ma layinsa daban, fis ɗinsa daban. Ka cire murfin sandar ka ƙirga ƙafafun fulogin tun kafin ka biya kuɗi.

Na gama, amma sitiyarin ya ɗan karkace alhali mota tana tafiya sak.

In karkatar babba ce, ka goce da haƙori. A sandar da ke da haƙora 36, kowane haƙori digiri 10 ne, ido yana gani sarai. Sai a sake cire batir, a sake bin hanya. In kuwa ƙarama ce, wadda matsar da haƙori ɗaya zai sa ta koma ɗaya gefen, gyaranta a tayarod yake, wato sandunan da ke juya tayoyin gaba, wurin masu alaimen, masu saita tayoyi. Wasu motocin ma sandarsu hanya ɗaya kawai take karɓar sitiyari, su dole can za a je.

Kada ka ƙyale ta a motar da ke da tsarin hana zamewa. Akwai sensa a bayan sitiyari da ke gaya wa kwamfuta inda ka nufa. In tana ganin ka karkata alhali kana miƙe, tana iya kunna fitila, ko ta taɓa birkin taya ɗaya ba dalili. Bayan gyara, wasu motocin sai an sa kwamfuta an nuna wa sensar sabuwar tsakiya.

Fitilar jakar iska ta ƙi mutuwa.

Mafi yawa fulogi ne bai zauna ba, ko makullinsa bai danne ba, ko kuma an murɗa makullin mota lokacin da jakar take cire, kwamfuta ta rubuta laifin ta riƙe. Cire batir, jira, sake dubawa. In ta nace, sai na'urar da ke karanta ɓangaren jakar iska, domin ƙananan na'urorin nan masu araha laifin inji kawai suke gani. In hon ma ya ɗauke tare da ita, ka koma tambayar kulok sifirin. Muddin fitilar tana kunne, ka ɗauka jakar ba za ta tashi ba.

Sitiyarin da na saya ya zo da jakarsa. In yi amfani da ita?

In taka ta shiga, ka riƙe taka, ita ka san tarihinta. Ta hannu ba ka san ko ta sha ruwa ba, ko an taɓa buɗe ta. Akwai na jabu a kasuwa, har da fanko da aka cusa wa tsumma aka rufe da murfi mai kyau. In ka ga arha ta yi yawa, banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ko ta asali ma a duba lambarta. Jakunkunan kamfanin Takata, waɗanda sinadarinsu ke lalacewa da zafi da laima har ƙarfen ya tarwatse ya watsa gutsattsari, sun sa an yi kiranyen motoci miliyoyi a duniya, kamfanin kansa ya durƙushe a 2017. A-kori-kura da dama na ciki, har da wasu shekarun Ranger da Hilux. Da lambar casis ake dubawa a shafin kamfanin motar, kuma wannan ya shafi jakar da ke motarka yanzu, ko ba ka canza komai ba.

'Yan kayan adon da ake mannawa a kan tambarin tsakiya fa?

Ɓamɓare su. Murfin nan yagewa yake idan jaka ta tashi, duk abin da aka manna a kai ya zama harsashi. A 2023 hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka ta yi gargaɗi a kan masu ƙyalƙyalin duwatsu, bayan irin wannan adon ya makantar da ido ɗaya na wani direba. Garin neman gira ke nan.

Duk wannan ya yi mini yawa. Rigar fata ta ɗinki tana da kyau?

Tana da kyau ƙwarai, in an yi haƙuri. Ka bambanta ta da rigar roba da ake cusawa, wadda ke ƙara kauri fiye da kima, wata ma ta riƙa zamewa a hannu. Ta ɗinki an yanka ta ne daidai da sitiyarin motar, gefunanta suna shiga ƙarƙashin robar maɓallai, in an gama sai ka rantse daga kamfani ta zo.

Ka wanke sitiyarin da sabulu ya bushe, in akwai inda ya ɓare ka cike shi ya yi daidai, don fata ba ta ɓoye rami. Ka sa mahaɗin rigar a ƙasa, daidai tsakiya. Allura marar kaifi ake amfani da ita da zare mai kakin zuma, kuma ba fatar kake hudawa ba, zaren da aka riga aka ɗinka a gefunan kake bi, ɗaya daga nan ɗaya daga can. Kana yin ɗinki biyar ko shida sai ka tsaya ka ja su su haɗe baki. Wurin da hannayen sitiyari suka haɗu da da'ira shi ne mai wuya, a nan fata ke tattarewa, sai ka ɗan ɗumama ta da na'urar busar da gashi ta yi laushi ka ja. Zai ci maka awa biyu zuwa uku, zaren kuma yana yanka gefen ɗan yatsa, don haka ka naɗa masa salatif tun kafin ka fara ja.